Tambaya da Amsa: Anti, ina rabin kazar tat tahi?

Assalamu alaikum jama'ar wanga fili, barkanmu da sake haɗuwa. Satin nan saƙonni sun taru min a waya kuma da yawansu duk akan kaza ne, wata saura ƙiris ta sallami yarinyar da ke taya ta aiki, wani yace manhajar wayarshi ta rikice mishi, wata kuma mahaifinta ne likita yace ya rage ƙiba ta rasa ta inda zata ɓullo. Da na zauna na karanta su a jere sai naga ashe duk abu guda ne ke damunsu ta fuska daban daban, wato awon abinci, shi yasa na haɗa su wuri ɗaya. Kamar yadda muka saba bana sa sunan kowa, unguwa kaɗai ta isa.

TAMBAYA: Slm Anti, dan Allah ki bani shawara. Maigida yas sawo kaji biyu na gidan gona ran juma'a, gabanai anka aza su sikeli da ransu ko wace kilo 2, anka yanka anka hige. Rannan ban da lahiya sai yarinyar da ka taya ni aiki tad dahwa tas soya. Wlh Anti da anka kawo kwanon ko rabi bai kai ba, shi ko maigida sai hwaɗa yakai wai kilo 4 yas sawo ina saura, ni kaina zuciyata ta hwara raya min wani abu game da yarinyar, ga ta marainiya, shekara biyu muna tare ban taɓa kama ta da komi ba. Ƙaƙa za ni yi? Daga uwargida a Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai dan girman Allah kada ki ce ma yarinyar nan uffan tukuna, zo muyi lissafi ni da ke, in mun gama sai ki gani ko akwai abin tuhuma.

Kazar da anka aza sikeli da ranta, kinsan an auna har da gashi da jini da kai da ƙafa da hanji da duk abincin da ta cika maƙoshi da shi. In an yanka an fige an fidda kayan ciki, kazar gidan gona abin da ke saura wajen kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari ne. Kenan kilo 2 ta koma kilo 1 da giram 400 ko 500 tun bata ga wuta ba. Toh sai tukunya. Ɗanyen naman kaza kusan kashi uku cikin huɗu nashi ruwa ne, tsokar ce ke riƙe da shi kamar yadda soso ke riƙe ruwa, da zafi ya shiga ya kai wajen digiri 60 zuwa sama sai zaren tsokar ya fara takurewa yana matse ruwan yana fiddowa, kitsen da ke ƙarƙashin fata shima ya narke ya bi. Shi yasa zaki aza kaza da ɗan ruwa kaɗan ko ma ba ruwa sam, ki dawo ki tarar da romo ya taso, wannan ruwan jikinta ne. A dafuwa ta yau da kullum nama na rage wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinshi. Mu kuma namu salon ai wuta biyu ne, a tafasa da albasa da kayan ƙamshi sannan a tsame a jefa cikin mai a soya har tayi ƙarau don ta kwana biyu bata lalace ba, irin wannan suyar tana iya cinye kashi ɗaya cikin uku ko ma fiye.

Kin gani, kilo 1 da rabi ya koma wajen kilo 1 da ƙashinshi da komai. Kaji biyu kilo 2 kenan. Wato rabin da kika gani a kwano shine daidai abin da lissafi ya bayar, kuma in kika cire ƙashi wanda shima ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku, tsokar da za'a ci daga kowace kaza bata wuce giram 700 ba. Ni wannan lissafin shi na fi son magidanta su sani, domin fitinar da kaza ke haddasawa a gidaje ba kaɗan bace, kishiya ta zargi kishiya, uwar miji ta zargi suruka, kuma mafi yawanci akan wanda bai da bakin kare kanshi abin ke ƙarewa.

Abin da zakiyi mai sauƙi ne. Ranar da anka sake sawo kaza ki roƙi maigida ya tsaya, a auna bayan fiɗa, ke da hannunki ki dafa ki soya, a sake aunawa a gabanshi. Ba sai kinyi gardama da shi ba, sikelin zai mishi bayani. In kuma kina son hankalinki ya kwanta gaba, ki riƙa ƙirga yanka kafin a aza tukunya, cinya nawa fiffike nawa ƙirji nawa, domin yanka yana ƙanƙancewa amma adadinshi baya raguwa. Ita kuma yarinyar in har ta ji faɗan da anka yi ko ta ga fuskarki ta sauya, ki kira ta ki sanyaya mata rai, yaro yana gane zargi ko ba'a furta ba kuma marainiya ce kin faɗa da bakinki.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ɗalibi ne nan Jami'ar Danfodiyo, ina ɗaga ƙarfe wata biyar kenan, na sai ƙaramin sikeli ina sa duk abin da naci a manhajar lissafin abinci ta MyFitnessPal. Matsalata tsokar ƙirjin kaza, in na auna ɗanye giram 500, in na gasa sai ya koma 370 wani lokaci 350. Wane zan rubuta? Kuma furotin ɗin giram 130 da ya ɓace ya ƙone kenan? Wlh abin na ɓata min rai don kuɗin kazar ba ƙarami bane.

AMSA: Ƙanena kwantar da hankalinka, furotin ɗinka, wato sinadarin nan mai gina jiki, na nan bai je ko'ina ba. Giram 130 ɗin da ka rasa kusan duk ruwa ne, sai ɗan kitse, kuma ruwa bai da kalori ko ɗaya, kalori shine ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Ɗan abin da ke bin ruwan ya fita na furotin bai taka kara ya karya ba, in tafasawa kayi ma yana cikin romon, ka shanye abinka.

Bari in kawo maka alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka, don daga rumbun bayanansu yawancin manhajojin nan ke kwasowa. Tsokar ƙirjin kaza ba fata ba ƙashi, ɗanya, giram 100 nada wajen kalori 120 da furotin giram 22 da ɗoriya. Ita wannan tsokar dai in an gasa ta, giram 100 nada kalori 165 da furotin giram 31. Wanda bai sani ba sai yace gashi ya ƙara mata furotin, alhali ruwa ne ya fita abin da ya rage ya cure wuri guda, kamar dai ka shanya tumatir ɗanye kwando guda ya koma ɗan kauɗa a ƙasan kwano.

Yanzu ɗauki naka. Giram 500 ɗanye, kalori 600 kenan da furotin wajen giram 112. Bayan gashi ya koma 370, in ka lissafa da alƙaluman gasasshe 370 ɗin zai baka kalori 610 da furotin wajen 114. Ka ga ai duk kanwar ja ce, bambancin bai kai a tada hankali ba. Inda ake faɗawa rami shine a auna a wani hali a rubuta a wani hali. In ka auna gasasshe 370 amma a manhaja ka taɓa layin ɗanye, zata rubuta maka kalori 444 da furotin 83, ta rage maka fiye da kalori 150 a cin abinci guda. In kuma ka auna ɗanye 500 ka taɓa layin gasasshe zata ce kalori 825 da furotin 155, kana murna ka cika burinka na ranar alhali giram 40 da wani abu na ƙarya ne. Mai son gina jiki wannan na biyun ne ke cutar da shi, mai son rage ƙiba kuma na farkon.

Wane ya fi? Ni ɗanye nake ba mutane shawara in dai kai ke girkinka, dalili kuwa kai da kanka ka faɗe shi, yau 370 gobe 350. Nauyin gasasshe yana bin ƙarfin wuta da daɗewa da kaurin yanka, in ka manta da shi kana waya ya bushe nauyin ya ƙara faɗuwa amma kalorin na nan yadda yake, shi ko ɗanye baya motsi. Sai dai in daskararriya ce ta firiza ka bari ƙanƙarar ta narke ka tsiyaye ruwan ka ɗan goge kafin ka auna, in ba haka ba ƙanƙara zaka rubuta a matsayin nama.

In kuma girkin kwana biyu ko uku kake yi lokaci guda, ga dabara. Ka auna duka ɗanye, misali kilo 1. Ka gasa ka sake auna duka, misali ya dawo 740. Raba 1000 da 740 zai baka 1.35, ka rubuta wannan lambar a jikin murfin roba. Duk sanda ka ɗebo, misali giram 150, sai ka ninka da 1.35, ya zama ɗanye 203, ka shigar a layin ɗanye, shikenan. Kuma ka lura, a manhajojin nan layuka da yawa mutane ne irinka suka shigar da su da hannu, zaka ga an rubuta kaza kawai ba'a ce ɗanya ko dafaffa ba, da fata ko babu, irin wannan ka tsallake shi. Ka zaɓi layi guda mai cikakken bayani ka lizimce shi.

Ɗan ƙarin da ban so in bari, ka wanke sikelin da sabulu ko ka aza faranti a kai duk sanda ka auna ɗanyar kaza, domin tana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa da zazzaɓi, kuma kada tsoron raguwar nauyi yasa ka sauke ta bata nuna ba, cikin tsokar sai ya kai digiri 74 kafin ta zama lafiyayya. Ga zafin garinmu, watan Afrilu da Mayu ana haura digiri 40, a irin wannan yanayi nama ɗanye ko dafaffe bai kamata ya wuce awa guda a ajiye waje ba, na san a hostel wuta sai a hankali, toh in ba tabbas ɗin firij ka dafa wanda zaka ci nan take kawai. Maganar yawan furotin kuma, wajen giram 1.6 a kowane kilo na nauyin jikinka ya wadatar da mai ɗaga ƙarfe, kuma ba dole sai kaza ba, wake da ƙwai da nono da ƙuli da awara duk suna cikin lissafi kuma sun fi sauƙi ga aljihun ɗalibi.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Babanmu na da ciwon suga da hawan jini, likita yace shi rage ƙiba. Ni ka yi mishi abinci, na sai sikeli ina auna namanai giram 100 cip kullum, na hana shi fata na hana shi cinya, wata biyu kenan amma ko kilo guda bai sauka ba, har ya hwara hushi wai ina horonshi a banza. Tuwon shinkafa shika ci da dare malmala biyu da miyar taushe ko kuɓewa, da rana dafa duka. Mi nika yi ba daidai ba? Ɗiyarku daga Runjin Sambo.

AMSA: Ɗiyata Allah ya miki albarka da wannan hidima, ya ba Baba lafiya. Ƙoƙarinki bai tafi a banza ba, sai dai kin tsare ƙofar gaba ne ɓarawon na shigowa ta katanga. Giram 100 na tsokar kaza ba shi ne ke riƙe da nauyin Baba ba, kuma kaza bata da sitaci sam, ba ita ke tada suga ba. Ki maida sikelin nan kan abu biyu, mai da shinkafa.

Mu fara da mai don shi ne ba mai ganinshi. Kowane giram na mai kalori 9 ne, shi ko furotin da sitaci 4 ne kowanne. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja ko man shanu wajen kalori 120 ne, wato cokali guda ɗaya yake da ɗanyar tsokar kaza giram 100. Ƙaramin gwangwanin madara in kika cika shi da mai ya haura kalori 1,000. Yanzu ki tuna yadda muke tsiyaya mai daga galan kai tsaye cikin tukunya ba awo, sai mun ga ya taso saman miya yayi ja sannan hankali ya kwanta, ga man shanu da ake ƙara zubawa a kan tuwo don ƙamshi. Awon mai kuma ya fi komai sauƙi, ki aza kwalbar a sikeli kafin girki ki rubuta, ki sake azawa bayan kin gama, abin da ya ragu shi ya shiga tukunya, ki raba da yawan masu ci. Ranar farko da kika gwada zaki riƙe baki.

Ita kuma shinkafa akasin kaza take yi, kaza na zubar da ruwa ita tana sha. Ɗanya giram 100 wajen kalori 360 ce da sitaci kusan giram 80, in ta dahu sai ta kusa ninka nauyinta sau uku, shi yasa dafaffa giram 100 take wajen kalori 130 da sitaci giram 28. Matsalar tuwo kuma kowace mace da hannunta, wata nata da tauri wata da ruwa ruwa, malmalar gidanku ba ita ce ta maƙwabta ba, saboda haka duk alƙaluman da zaki gani na tuwo kintace ne. Ki auna shinkafar tun tana busassa, ki ƙirga malmala nawa ta fitar, ki raba. In giram 600 ta baki malmala shida, kowace malmala ɗanya giram 100 ce, kenan malmala biyun Baba kalori 720 ne da sitaci wajen giram 160 a zama guda, tun ba'a zuba miya ba. Kin ga inda gizo ke saƙar.

Amma dan Allah kada ki zabge mishi tuwo rana guda da kanki. Mai shan maganin suga ko allurar insulin in an rage sitaci kwatsam sugan na iya faɗuwa ƙasa, jiri da gumi da karkarwa har suma, abin na da haɗari. Ki rubuta duk abin da yake ci na sati guda, har da shayin safe da sukarin ciki ko zuma, da fura da nono, da dabino da lemun kwalba in baƙi sun zo, ki tafi da takardar wurin likitanshi, ki kuma nemi a haɗa ku da masu ba da shawara kan abinci, manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna da su. Ki tambaya kuma ko an duba ƙodarshi, don in akwai matsalar ƙoda shi kanshi naman akwai iyakar da za'a sa mishi. Sannan ki maida ma bawan Allah cinyarshi, ki cire fatar kawai, cinya ta ɗan fi ƙirji kitse amma bambancin bai kai cokalin mai guda ba, kuma dattijo in ya ji ana ƙuntata mishi zai je waje ya ci abin da ba ki sani ba.

Da na ce ki rubuta komai ba wai ina zargin Baba bane, halin ɗan Adam ne ko'ina. A 1992 an buga wani bincike a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine a Amurka, kan wasu mutane da ke cewa suna cin kaɗan amma ƙiba taƙi sauka, da aka auna da kyau sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kusan rabi, kashi 47 cikin ɗari. Mantuwa ce da ido da baya iya awo, lomar ɗanɗanon miya da 'yar gyaɗar da anka watsa baki ana hira ba mai tuna su.

TAMBAYA: Malama ni direba ne ina bin hanyar Illela, yawanci gun mai nama nika cin gasassar kaza ko kilishi da dare, ƙaƙa zan lissafa tunda ban ga ɗanyen ba?

AMSA: Malam sannu da hanya, Allah ya tsare. Naka dole da layin dafaffe zaka yi aiki. In kana gida ka auna ta duka kafin ka ci, in ka gama ka tara ƙasusuwan ka auna ka cire, abin da ya rage shi ka ci. Na san da yawanmu ƙashin kazar gidan gona tauna shi muke, toh ka tofar da tuƙar a faranti ka auna hakanan, ya wadatar. Ka kuma duba da fata ka ci ko babu, don gasassar kaza da fatarta giram 100 ta kusa kalori 240, in an cire fatar wajen 190. Sai ka ƙara wani abu saboda man da mai nama ke shafawa yana juyawa da yajin ƙuli da ake barbaɗawa, cokali guda na mai a rabin kaza kintace ne mai kyau.

Kilishi kuma ka yi hattara da shi, shi ne ƙarshen wannan magana da muke yi, an shanya shi a rana an tsoma a kwaɓin ƙuli an sake shanyawa an nuna mishi wuta, ruwan kusan duk ya tafi. Shi yasa ɗan falle mara nauyi a hannu yake daidai da nama mai yawa, ga gyaɗa ga gishiri. Kada ka kuskura ka lissafa shi da layin naman sa, zai rage maka da yawa.

TAMBAYA: Anti mu gidanmu tire guda muke ci mu shida, kuma manhajar bata san dambu ko fate ba. In haƙura?

AMSA: A'a ƙanwata kada ki haƙura. Ki ɗebi naki a ƙaramin kwano guda da kika sani, kullum shi, sannan ki zauna cikin 'yan uwanki ku ci tare. Tsoka kuma ki kwatanta da tafin hannunki ba yatsu, wannan wajen giram 85 zuwa 100 ne na dafaffe. Abincinmu na gida ki lissafa shi daga kayan haɗinshi, tsaki nawa zogale nawa mai nawa ƙuli nawa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jadawalin abincin Afirka ta Yamma a 2012 ta sabunta shi da na 2019, kyauta ne a intanet, akwai gero da dawa da wake da su kuka a ciki, ya fi kusa da tukunyarmu akan na Turawa. Kuma kada ki nemi daidai cip, ko abincin gwangwani a Amurka doka ta yarda alƙaluman jikin kwali su kauce da kusan kashi 20 cikin ɗari.

TAMBAYA: Anti ɗiyata shekara 17, tun da tas samu waya komi sai ta auna, ko tuwo bata ci tare da mu, in anka soya kaza sai ta goge man da takarda ta ci yanka guda ta tashi, ta rame ƙwarai kuma tana cewa ita har yanzu tana da ƙiba. Babanta yace ƙuruciya ce. Ni ko hankalina bai kwanta ba. Uwa daga Arkilla.

AMSA: Hajiya hankalinki ya faɗa miki gaskiya, kuma wannan saƙon ya fi duk na sama tsaya min a rai. Duk awon da nake koyarwa a nan na babba ne da ke da dalili, mai suga ko mai hawan jini ko mai motsa jiki, kuma na ɗan lokaci ne har ido ya saba. Yarinya mai shekara 17 tana kan girma, jikinta na buƙatar mai da tuwo da nama duka. In ta rame tana kuma ganin kanta da ƙiba, tana gudun cin abinci cikin mutane, wannan alamu ne na wata lalura da likitoci suka sani kuma ana maganinta, ba iskanci bane ba kuma aljanu ba, kuma tana iya taɓa zuciya da ƙashi in anka bari ta daɗe.

Kada ki ƙwace wayar da faɗa, kada a tsare ta da bulala ko gori sai ta ci, hakan ɓoyewa zai koya mata. Ki samu lokacin da kuke ku biyu ki tambaye ta a hankali me take ji game da jikinta, ko wani ya taɓa mata ba'a a makaranta ko a gida, ki saurara kada ki katse ta. Ki lura ko al'adarta ta ɗauke ko ta rikice, ko tana yawan jiri da jin sanyi, ko gashinta na zuba, ko tana shigewa bayi da zarar ta gama cin abinci, ko tana shan shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Instagram da TikTok. Ki rubuta abin da kika gani da ranakun, ki nuna ma babanta wannan shafin, sannan cikin satin nan ku kai ta asibiti a auna nauyinta da tsawonta da jininta, ki faɗa ma likita duk abin da kika faɗa min ba tare da rage komai ba. In ta suma ko tace ƙirjinta na bugawa ba daidai ba, kada ku jira safiya, ku tafi a daren.